Kabon da Ke Toshe Bawul ɗin Injin Mota: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Motocin da ke bin hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi sun sauya a 'yan shekarun nan. Golf da Sharon da Fijo 406 suna nan suna jigilar fasinja kamar kullum. Amma tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011 ma'aikata suka ƙaru a garin, ga 'yan kasuwa da malaman Kwalejin Isa Kaita, sai aka fara ganin su Hyundai Sonata, Kia Optima, Honda Accord 'yar 2013 zuwa sama, Lexus IS250 da Marsandi na baya-bayan nan. Da yawa daga cikin waɗannan motoci suna da wani irin inji da ke kamuwa da cutar da tsofaffin motoci ba su cika yi ba. Mai mota zai canza filogi, ya canza kwayil, a wanke masa nozul, ya zuba maganin wanke inji a tanki, amma da safe in ya tayar da ita sai ta riƙa karkarwa. Sau da yawa abin da ke damunta yana wani lungu ne da ba a leƙa ba, wato bayan bawul ɗin shigar iska.

Mene ne bawul, kuma mene ne aikinsa?

A cikin injin motarka akwai ramuka masu kama da gwangwani da ake kira silinda. Yawancin ƙananan motoci huɗu gare su, wasu shida. A cikin kowace silinda akwai fistin, wani dunƙulen ƙarfe da ke hawa da sauka. Iska da fetur suna haɗuwa a samansa, filogi ya ba da tartsatsi, su kama da wuta, ƙarfin wutar ya tura fistin ƙasa. Wannan turawar ce ke juya tayoyi.

Kowace silinda tana da ƙofofi iri biyu a samanta, ta shigar iska da ta fitar hayaƙi. Murfin da ke buɗe ƙofar yana rufe ta shi ne bawul. Ƙarfe ne mai faffaɗan kai da siririyar ƙafa doguwa. Idan ka ga an rubuta 16V a kan inji, bawul 16 ke ciki, 8 na shigar iska, 8 na fitar hayaƙi.

Aikin nasu ba ƙarami ba ne. Idan inji yana juyawa sau 2,000 a minti ɗaya, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 1,000 a wannan mintin. Kuma kafin a ƙona lita ɗaya ta fetur yadda ya kamata, sai iska kusan lita 9,000 ta wuce ta waɗannan ƙananan ƙofofi. Ka ga ke nan duk abin da ya rage faɗin ƙofar ya rage wa injin numfashi.

Daga ina kabon yake zuwa?

Kabon shi ne baƙin dattin da ke saura idan mai ya ƙone bai gama ƙonewa ba. Da farko danƙo ne mai maiƙo, in ya daɗe sai ya bushe ya yi tauri kamar gawayi.

Za ka iya tambaya: in dai iska ce kaɗai ke bi ta wannan ƙofa, me ya kawo mai wurin? Hanyoyi uku ne. Babbarsu ita ce numfashin ƙasan inji. Duk lokacin da wuta ta tashi a silinda, ɗan hayaƙi yana sulalewa ta gefen ringin fistin ya faɗa ƙasan inji, inda baƙin mai yake kwance. Dole a fitar da wannan hayaƙi, in ba haka ba zai kumbura injin ya fasa roba. Motocin zamanin da, waje suke zubar da shi. Tun shekarun 1960 aka fara mayar da shi cikin hanyar iska ta wani ɗan tiyo mai ƙaramin bawul da ake kira PCV, don inji ya sake ƙona shi. Wannan hayaƙi yana tafe da tururin baƙin mai, kuma kan bawul ɗin shigar iska yake bi.

Hanya ta biyu ita ce hayaƙin salansa. Wasu injina suna mayar da kaɗan daga cikinsa ciki da gangan don rage zafin ƙonewa, ta wata na'ura da ake kira EGR, wasu kuma ta hanyar lokacin buɗewar bawul. Ta uku ita ce robar da ke wuyan bawul. In ta tsufa, baƙin mai yana tsiyayowa ta ƙafar bawul ɗin ya sauko kansa.

Bawul kuwa da zafi yake. Duk ɗigon man da ya taɓa shi sai ya soye ya manne, na gobe ya hau kan na yau.

To me ya sa Golf da 406 ba su cika yin wannan ba?

Nan ne gindin maganar, kuma in ka fahimci wannan sashe ka fahimci saura.

A tsofaffin motoci, masu kafireto da masu nozul na farko-farko, fetur yana haɗuwa da iska ne tun kafin su iso bawul. Nozul yana zaune a bakin hanya, yana fesa fetur a bayan bawul. Fetur kuwa yana narkar da maiƙo. Saboda haka a duk buɗewa bawul yana samun wanka. Ka ɗauki tukunyar da ake wankewa bayan kowane girki, ƙanzo ba ya samun zama a gindinta. Wadda ake ta ɗora wa wuta ba wanki, wata rana sai an sa wuƙa an kankare.

Masu ƙera motoci sun so inji ya rage shan mai ya kuma ƙara ƙarfi, sai suka ɗauke nozul daga bakin hanya suka cusa shi cikin silinda kanta. Yanzu fetur yana shiga ne da matsi mai tsanani, ninki talatin ko fiye na tsohon tsari, ba tare da ya taɓa bayan bawul ba. Wannan shi ake kira fesa kai tsaye, kuma harufan da aka fi saninsa da su su ne GDI. Kamfanin Mitsubishi na Japan ya fitar da shi kasuwa da yawa a 1996, Volkswagen ya biyo baya da FSI a farkon shekarun 2000, zuwa wajen 2011 Hyundai da Kia sun sa shi a Sonata da Optima. Tsarin yana da kyau, yana kuma rage shan mai da gaske. Illarsa ita ce bawul ya rasa mai yi masa wanka, alhali tururin baƙin mai bai daina bi ta kansa ba.

Su ma tsofaffin motoci suna tara kabon, musamman in suna shan baƙin mai ko ana zuba musu gurɓataccen fetur. Sai dai nasu yakan zo a hankali, kuma magani a tanki yana iya kai masa.

Ta yaya zan san irin injin da ke cikin motata?

Ɗaga bonet ka karanta abin da ke kan murfin inji, ko a bayan motar. Idan ka ga GDI ko T-GDI, ko FSI, TSI da TFSI na Volkswagen da Audi, ko CGI na Marsandi, EcoBoost na Ford, Skyactiv-G na Mazda, THP na Fijo 308 da 508, ko D-4 na Toyota Avensis, to injinka mai fesa kai tsaye ne. Haka Honda Accord mai silinda huɗu daga 2013, da Lexus IS250, wadda ta yi suna wajen wannan matsala.

Corolla ta 2003 zuwa 2008, Camry ta 2007 zuwa 2011, Accord ta kafin 2013, Golf 3 da yawancin 406 duk tsohon tsari ne. In irinsu kake ja, kwantar da hankalinka, sai dai ka kula da sashen da ke gaba.

Akwai rukuni na uku. Toyota ta ƙera injin da ke da nozul biyu a kowace silinda, ɗaya a ciki ɗaya a bakin hanya, ta sa masa suna D-4S. Yana cikin Lexus IS350 da Camry daga 2018. Irin wannan yana wanke bawul ɗinsa da kansa.

Idan babu rubutu, ka ce wa makanikenka ya nuna maka ko akwai famfon mai na biyu a saman inji, wanda bututun ƙarfe ke fita daga jikinsa. In akwai, mai fesa kai tsaye ne. Irin wannan inji yakan yi 'yar ƙara kas-kas-kas yana silo, wato yana aiki mota na tsaye. Wannan ƙarar ta famfon ce da nozul, ba alamar lalacewa ba ce.

Me ke ƙara saurin taruwarsa a yankinmu?

A ƙasashen da ake ƙera motocin nan, kabon yakan fara damun irin wannan inji ne in ya yi tafiyar kilomita 50,000 zuwa 100,000, gwargwadon inji da yadda ake kula da shi. Motar Beljiyam kuwa, wato ta hannu da ake shigowa da ita daga waje, takan iso hannunmu ne bayan ta wuce haka. In daga Amurka ta zo, lambar da ke kan allonta mil ce, kuma kowane mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Motar da ke nuna 100,000 ta riga ta yi kilomita 160,000. Wato da kabon ɗinta take zuwa, mu kuma mu ƙara mata.

Abu na farko da muke ƙara mata da shi gajeriyar tafiya ce. Daga gida zuwa ofis, zuwa kasuwa, zuwa ɗauko yara, duk cikin Dutsin-Ma ko cikin Kurfi, tafiyar mintuna kaɗan ce. Inji bai gama ɗaukar zafi ba an kashe shi. Ruwa da ɗanyen fetur da suka sauka cikin baƙin mai ba su samu sun ƙafe ba, sai man ya tsinke ya ƙara tururi. Barin mota tana silo na tsawon lokaci don a sha iyakwandishan shi ma haka yake yi.

Na biyu shi ne cire tamosta, kuma wannan al'ada tana damuna ƙwarai. Tamosta ɗan bawul ne a hanyar ruwan lagireto, aikinsa ya riƙe zafin inji a wajen digiri 90. Da mota ta shigo ƙasar nan sai a ce na ƙasar sanyi ne, a cire shi, a haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. Niyyar mai kyau ce, ana gudun kada inji ya yi zafi a watan Afrilu. Amma injin da ba ya kai zafinsa, kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu ɗumama yake, sai ta ci gaba da ƙara masa fetur. Ga asarar mai, ga ƙarin kabon. In motarka tana zafi, a nemi dalilin a lagireto, famfon ruwa ko fanka.

Na uku baƙin mai ne. Wanda ake aunawa daga durom a bakin hanya ba ka san asalinsa ba. Sannan an saba zuba 20W-50 mai kauri a kowace mota, alhali sababbin injina 5W-30 ko 0W-20 aka ƙera su da shi. Jinkirta juye har mai ya zama kwalta shi ma yana cikin lissafi.

Na huɗu ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ba ya raga wa kowa, ga hanyoyin ƙauye na burji da yashi. Ƙura ba ita ce kabon ba, amma in ta wuce matatar iska tana cinye ringi da bangon silinda, hayaƙin da ke sulalewa ƙasa ya ƙaru, tururin mai ya ƙaru. Wadda ta tsaya a hanya kuma ta manne a jikin danƙon ta ƙara masa kauri. Matatar da aka yi ta bugawa a taya ana hura mata iska har ta huje ba ta tare komai.

Waɗanne alamu zan gani?

Yakan fara ne da sanyin safiya. Ka tayar da mota, inji yana rawa, allurar juyawa tana hawa tana sauka, bayan 'yan mintuna ya daidaita. Daga baya sai misin ya shigo, wato wata silinda ta riƙa tsallake wuta. Fitilar cek ta kama a gaban direba. In ka taka totur za ka wuce tirela sai ka ji motar ta yi jinkiri kafin ta amsa, kuma man da ke kai ka Katsina ya dawo da kai ya daina isa. In abin ya yi nisa, kabon yana hana bawul rufewa ruf, mota ta riƙa mutuwa a tsaye. Duk wanda ke bin hanyoyin yankin nan ya san tsayuwar mota a daji da yamma ba abin da za a yi wasa da shi ba ne.

Amma ka lura, duk waɗannan alamu filogi da ya mutu yana kawo su. Kwayil ma haka, da nozul da ya toshe, da tiyon iska da ya tsage, da mugun fetur. A Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima har kamfanin NNPC ya amsa hakan, motoci da dama sun yi irin wannan rawa ba tare da laifin bawul ba. Fetur ɗin galan na 'yan bumburutu ma yakan zo da ruwa ko gauraye. Saboda haka alama kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba.

Yaya ake dubawa?

A fara da mai sauƙi. A jona wa motar kwamfutar bincike ta wani soket da ke ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0300 tana nufin misin a silinda daban-daban, P0301 silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. In ta nuna silinda ɗaya, a musanya kwayil ɗinta da filoginta da na maƙwabciyarta. Idan misin ya bi kwayil ya koma can, an gano ɓarawon, ba sai an kwance komai ba. Idan ya tsaya a inda yake, ko yana yawo a dukkan silinda kuma ya fi tsanani da sanyi, to a leƙa bawul.

Ana leƙawa ne da wata 'yar kyamara da ke kan siririyar waya mai lanƙwasa, da fitila a bakinta. Wasu ana jona su da wayar hannu, kuma ba su da tsada idan aka kwatanta da kayan gareji. Ana zura ta ta ramin wata na'ura a jikin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska. A wasu motocin sai an cire manifol ɗin gaba ɗaya, a nan ko tocila ta isa.

Ka tsaya a wurin ka gani da idonka. Baƙi-baƙi siriri kamar an shafa shuni ba komai ba ne, kowane inji yana da shi. Abin da ake nema shi ne dunƙulen da ya kewaye ƙafar bawul ya cika kwarin da ke bayan kansa, har siffar bawul ɗin ta ɓace. Ka ɗauki hoto da wayarka. Shi zai zama shaidarka in an gama aiki.

Yaya ake wanke shi?

Hanyoyin suna hawa-hawa, kuma yawan kabon ne ke zaɓar wadda ta dace.

Maganin da ake zubawa a tanki yana bin fetur ne duk inda ya je. A tsohon tsari yana wanke nozul ya wanke bawul, musamman mai sinadarin da ake rubutawa PEA a jikin kwalba. A inji mai fesa kai tsaye zai iya taimakon nozul, amma ba zai taɓa bayan bawul ba ko ka zuba katan guda, domin fetur ba ya bi ta can. Mutane da yawa sun yi asarar kuɗi a nan.

Akwai na fesawa ta hanyar iska, wanda aka yi musamman don irin wannan inji. Ana fesa shi kaɗan-kaɗan inji yana aiki da zafinsa, a bayan na'urar da ke auna iska don kada ya lalata ta, sai a kashe mota kamar awa ɗaya ya jiƙa, sannan a hau titi da ita. Yana maganin danƙo mai laushi, yana kuma da amfani a matsayin rigakafi. Taurarren kabon na shekaru ya fi ƙarfinsa.

Wanki da hannu shi ne wanda ƙwararren makanike mai haƙuri zai iya yi a Dutsin-Ma ko Kurfi ba tare da wata babbar na'ura ba. Inji ya huce, a cire kan batir, a kwance manifol. Sai a juya inji da sufana, da hannu, har bawul ɗin silindar da za a yi wa aiki su rufe gam. Sauran ramukan a toshe su da tsumma mai tsabta ko salatif. A zuba ɗan maganin wanki a ramin a jira. In ruwan ya tsaya bai zurare ba, bawul ya rufu. A bar shi ya jiƙa, a kankare da siririn tsinke da burushi mai taushi, a zuƙe dattin da injin zuƙa, a hura iska, a maimaita har ƙarfe ya fito fes. Sannan a juya inji a koma silinda ta gaba. Kafin a tayar da mota a cire filogi a juya inji ba wuta, don in wani ruwa ya sulale ciki ya fito. Duk sirrin aikin nan yana cikin tabbatar da bawul a rufe yake. Makaniken da ya tsallake wannan zai zuba maka gawayi cikin silinda da hannunsa.

A manyan gareji ana amfani da niƙaƙƙen ɓawon wani ɗan itace mai tauri da ake kira walnot. Ana harba shi da iska mai ƙarfi cikin ramin, wani tiyo yana zuƙe shi tare da dattin a lokaci guda. Ɓawon ya fi kabon tauri amma bai kai ƙarfe ba, shi ya sa yake kankarewa ba ya ji wa bawul ciwo. Ita ce hanyar da ta fi tsabta da sauri, sai dai wataƙila ka nemi mai na'urar a Kano, Kaduna ko Abuja. Kada a ce za a daka ƙwallon goriba ko na aduwa a maye gurbinsa. Na gaskiyar an tace shi ne a girma ɗaya, ba tsakuwa ba yashi a ciki, kuma na turmi ba zai samu wannan ba.

Mataki na ƙarshe shi ne sauke kan inji, abin da ake kira tof silinda, a zare bawul ɗaya bayan ɗaya a wanke, a goge mazauninsu, a canza robobin wuya. Ana zuwa nan ne idan gwajin matsin silinda ya nuna bawul yana yoyo, ko mota tana fitar da shuɗin hayaƙi da safe. In ba haka ba, kada ka yarda a sauke maka kan inji saboda kabon kawai.

Me bai kamata in yarda a yi wa motata ba?

Kada a harba yashi. Ƙwaya kaɗan in suka shiga silinda za su karce bangonta, ka koma neman sabon inji. Kada a ɗura ruwa ta hanyar iska inji yana aiki da sunan tururi zai wanke shi. Ruwa ba ya matsuwa, in ya yi yawa a silinda yana lanƙwasa sandar fistin nan take. Kada a sa sukudireba ana sara a kusa da bakin bawul, domin rauni kaɗan a wurin yana jawo yoyo. Kada a kwance bututun fetur na ƙarfe inji yana da zafi, matsin da ke ciki yana iya huda fata ya kuma tayar da gobara. Kuma idan aka ce maka indomi ce ta toshe, wato matatar hayaƙi da ke jikin salansa, a cire a jefar, ka nemi a gwada ta tukuna. Cire ta ba ya taɓa kabon ɗin bawul, kuma tana da daraja a kasuwa, shi ya sa wasu ke saurin ba da wannan shawara.

Nawa zai ci?

Farashi yana sauyawa da canjin dala da kuma garin da kake, don haka ka nemi a rarraba maka kuɗin kashi-kashi. Na bincike da kwamfuta da kyamara shi ne mafi ƙanƙanta. Wanki da hannu yawancinsa ladan aiki ne, domin inji mai silinda huɗu yakan ci kusan rabin yini, mai shida ya fi haka saboda wahalar kwance manifol. Sai kuɗin maganin wanki, sabon gaskit na manifol, wato robar da ke hana iska shiga ta gefe, da juyen baƙin mai bayan an gama. Kada a mayar da tsohon gaskit da gam. In babu irin na motarka a Katsina, a aika Ƙofar Ruwa a Kano, kuma a samo shi kafin a kwance komai don kada motarka ta kwana a buɗe cikin ƙura. Sauke kan inji ya ninka duk wannan sau da yawa.

Ka auna kuɗin da abin da kake asara. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 har ta haura 1,000. Daga Dutsin-Ma zuwa Katsina kusan kilomita 60 ne, zuwa da dawowa 120. A ce motarka tana yin kilomita 12 da lita ɗaya, lita 10 za ta sha. In ta koma yin 10, lita 12 ke nan. Mai zuwa Katsina sau uku a mako yana zubar da lita 24 a wata a banza, ban da kuɗin filogi da kwayil da ake ta saya ba laifinsu.

Wajen zaɓen mai aiki, ka tambaye shi kai tsaye: "Oga, ka taɓa yin irin wannan injin? Yaya za ka tabbatar bawul ya rufe kafin ka fara kankara?" Amsarsa za ta nuna maka. In ba ka san kowa ba, shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA a garejin garinku sun san wanda ya iya sababbin motoci.

Zai dawo bayan an wanke?

Zai dawo, domin haka aka ƙera injin. Abin da ke hannunka shi ne ka jinkirta shi. Ka zuba man da aka rubuta a murfin zuba mai ko a littafin motar, na cikin galan mai hatimi, wanda ke ɗauke da alamar API SP ko aƙalla SN. Littattafan motoci suna da jadawali na daban ga masu tuƙi cikin ƙura da gajeriyar tafiya, inda ake rage tazarar juye kusan rabi, kuma mu wannan jadawalin ya shafa. A mayar da tamosta in an cire. A duba ɗan bawul ɗin PCV, abu ne mai araha da ake mantawa da shi, in ya lalace yana tura mai da yawa cikin hanyar iska. A canza matatar iska a tsakiyar hunturu da ƙarshensa. Lokaci-lokaci ka hau babban titi ka yi tafiyar da inji zai ɗauki zafi sosai. Wannan ba zai kankare tsohon kabon ba, amma yana ƙafar da ruwa da fetur daga cikin baƙin mai.

Wasu suna ɗaura ɗan gwangwani a kan tiyon PCV don ya tare tururin mai kafin ya kai bawul. Yana taimakawa, da sharaɗin a riƙa zubar da abin da ya tara, in ya cika ya toshe matsalarsa ta fi wadda aka guda.

In kuma mota za ka saya, ka je wurin dillali da sassafe kafin a ɗumama ta, ka taɓa inji ka ji da sanyinsa, sannan a tayar a gabanka. Ka tafi da mai kwamfuta, ya duba ko an goge lambobin misin kwanan nan. Idan injin mai fesa kai tsaye ne kuma ya wuce kilomita 100,000, ka sa kuɗin wankin bawul cikin cinikin tun kafin ka biya.